Keken caji da hawan Riruwai

Masu sayar da keke mai caji sukan jera shi hawa uku: na talaka, na mai rufin asiri, da na Alhaji. In ka duba da kyau, bambancin batir ne da birki, sai ƙaho mai kukan jiniyar gwamna. Wanda zai hau duwatsun Riruwai ko ya ratsa Falgore, ya ɗauki na tsakiya, ya sa masa tayoyi masu kauri, rarar kuɗin ya sayi sola. Za a ce tunda aka cire tallafin fetur a 2023, gara mai babban batir, a huta da Bajaj. Haka ne, amma batir bai san Alhaji ba. Ranar da wuta ta ƙi zuwa Doguwa, keken Alhajin ma turawa ake yi, kuma ya fi nauyi.