An Sa Motar Alhaji A Lalle

Ranar Talatar nan lungunmu ya toshe tun hantsi har wayewar gari. Motar maƙwabcina aka shafa wa sila, wato maganin kare fenti, wai sai ta yi awa 24 ba a motsa ta ba, ruwa bai taɓa ta ba, kafin maganin ya kama fenti. Na ce, "Alhaji, a ɗan gusa da ita in fitar da babur." Ya ce, "Haba Malam, yanzu fa take shan shafin farko."

Shafin farko! Ashe amarya aka sa a lalle, mu mutanen lungu ba a ko ba mu goron gayyata ba. An lulluɓe ta da tamfol, an kafa yaro a kan benci yana korar awaki da masu ƙwallo. Laraba aka yi kamu: aka kawo kakin karnauba, wanda ake karkaɗowa daga ganyen wata bishiya mai kama da giginya a ƙasar Brazil, aka ɗora a kan silar. Alhaji ya haddace tsarin tsaf: sila a ƙasa, kaki a sama, in aka juya silar ba za ta kama ba. A nan kam gaskiyarsa. Abin da ya ƙi ji shi ne, shafi na uku da na huɗu tsumma ke kwashe yawancinsu. Alhamis aka sake shafawa. Juma'a aka yi buɗar kai, abokai suka taru suna duba gemunsu a jikin ƙofa, kowa yana "Masha Allah." Saura 'yan kai amarya da guɗa.

Duk wannan hidimar kuma a tsakiyar hunturu. Ƙurar da iska ke ɗebowa tun daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi ba ta san kakin Turtle Wax ba. Da safe ta kwanta a kan bonet, yaro ya zo da busasshen tsumma ya dirje, kowace dirza zane ce a fenti. Asabar kuma a kai ta wajen wankin mota, a zuba mata Omo a bokiti, kakin da ko a inuwa wata biyu zuwa uku yake yi ya fara bin kwata.

Kwatar ma ita ce abin da ke ci mini rai. Kura guda ta ruwa ake saye wa mota wajen 'yan garuwa, a unguwar da famfo ya manta hanyarta. Ruwan kumfar ya gangaro ya kwanta a ƙofar gidana, sauro ya samu masauki, tsofaffi masu zuwa sallar asuba suna tsallake da sanda. An kira taron yashe kwata, masu motocin nan duk "suna wani uzuri." Mutumin da zai durƙusa ya goge madubi da auduga har gwiwarsa ta yi kanta, shi ne ba ya iya riƙe shebur na minti goma.

Ban ma taɓo tayoyin da suka suɗe ba, da birkin da ke kuka tun daga bakin titi, da baƙin man da bakanike ya gaji da tuni a kansa. Waɗannan ba a ganin fuska a jikinsu, shi ya sa ba su da gata.

Don Allah masu motoci, ku shafa sila ɗaya da kaki ɗaya, ku yi a cikin garejinku, ranar yasar kwata kuma ku fito da shebur.