Famfon da Ba Ya Zama da Talaka

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, Fijo 504 ɗin da na gada a wajen Baba ta zama kishiyar uwargida, duk abin da ya shigo gida da ita ake rabawa. Oga, bakanikena, ya ce magani ɗaya ne, a tuge injin kafireta a dasa na Toyota mai injekta, ɗan Beljiyam. Muka je Ƙofar Ruwa muka sayo shi, har da wayoyinsa cikin buhu.

Inji ya zauna daram, amma ya ƙi tashi. Sai a lokacin Oga ya tuna cewa famfon mai a jikin tsohon injin yake, sun tafi tare. Ko da yana nan ma ba zai yi ba, don kafireta da matsin PSI 5 ta ƙoshi, injekta kuwa sai wajen 40. Sai aka yanke shawarar tsoma famfon lantarki cikin tanki.

"Oga, lantarki a cikin fetur?"

"Haba Alhaji, ai babu isasshiyar iska a ciki balle wuta ta kama. Man ma shi ke sanyaya shi."

Gaskiya ya faɗa, amma da mai walda ya cika tankin da ruwa ya zo huda shi, a tsallaken titi na hango Oga, wai sayen goro. Abin da aka zazzago daga tankin nan kuwa, tsatsa ce da yashi, da guntun tiyon wani ɗan bumburutu tun zamanin Abacha.

Mai wayarin ya haɗa, aka ɗaura tanki, aka murza makulli. Famfo na ta ƙugi, amma ko ɗigo bai iso inji ba. Oga ya ce jabu ne, mai wayarin ya ce tiyo ne ya toshe, har aka fara tono tsofaffin basussuka. Can sai ƙaramin yaron gareji, wanda aikinsa miƙa sifana, ya ce, "Oga, kamar an juya jar waya da baƙa." Ya sha ranƙwashi nan take. Bayan la'asar na ga an sauke tankin shiru, an juya wayoyin. Ashe baya-baya famfon ke juyawa.

Mota ta tashi, muryarta sumul. Na kama hanya ina ɗaga wa mutane hannu, har na iso shataletalen farko. Ina karya sitiyari ta yi tari ta mutu, 'yan adaidaita suka rufe ni da hon da addu'o'in da ba a cewa amin.

Oga ya yi bayani cikin natsuwa. Kafireta tana da ɗan kwanonta na ajiyar mai, injekta ba ta da shi. Motocin da aka ƙera da injekta akan sa musu kwanon a cikin tanki, nawa kuwa fili ne fetal. In mai ya yi ƙasa, a kwana sai ya gudu gefe guda, famfo ya zuƙi iska, in ya saba kuma ya ƙone.

"To mafita?"

"Kada ka bari ya sauka ƙasa da rabi, Alhaji."

Ni da lita biyar ce babbar sayayyata! Yanzu in wata ya yi nisa, miƙaƙƙiyar hanya kawai nake bi. Gidan surukaina shataletale uku ne tsakaninmu, na aika musu cewa sai an yi albashi.