Alhaji, Zaman Benci Ba Ya Shiga Lissafi

Alhaji mai shaguna huɗu a bakin titin Koudoukou, gyara zama. Ka ce gidan haya ya cinye maka rayuwa, daga asuba har isha'i kana kansa? To, kawo shaida. A'a, mai da tasbaha aljihu, takarda na ce.

Ka ce wane mahaukaci ne zai ƙirga awowin mai gida? Amurka mana! Can, wanda yake so hukumar haraji ta IRS ta ɗauke shi cikakken ma'aikacin gidaje, har ta bari ya cire asarar haya daga sauran kuɗin shigarsa, sai ya nuna ya haura awa 750 a shekara, kuma aikin ya ci fiye da rabin lokacin neman abincinsa. Awa goma sha huɗu da ɗoriya ke nan duk mako. A 2010 wani ya gaya wa kotun harajinsu cewa kullum a shirye yake ko ɗan haya zai kira, don haka a lissafa masa zaman jiran. Kotu ta ce jira ba aiki ba ne. Ka ji ɗan'uwanka a zaman benci, shayi kawai ya rasa.

Ka ce nan Bangui ne, ba Washington ba? Na yarda, mai haraji a nan bai damu da agogonka ba. Shi yarjejeniyar haya yake so ya gani, da rasit. Kana da su? Kar ka nuna min ƙirjinka, Alhaji, ba a buga hatimi a zuciya.

Ka ce duk unguwar Kilomita Biyar ta san ka hau rufi da damina? Ta sani. Ta kuma san yaronka ne ya hau, kai kana ƙasa riƙe da lema kana ba da umarni da Hausa da Sango. Bashin sefa ɗari biyar na bara yana cikin littafinka har da ranar da aka ci, amma kwanon rufi da siminti da ladan magini, sai "Allah ya sani".

Au, fushi ka yi? Sayi littafin 'yan makaranta a kasuwa, ka rubuta rana, da shago, da abin da aka gyara, da nawa ka biya. Awa ukun da ka yi kana cacar baki da ɗan hayan da ya ce "gobe" kuwa, rubuta minti goma. Sauran hira ce, ina wurin.