Zariya a Gaban Awaki Biyar

Likita ne ya ce in rage tumbi, ni kuma na ga babu inda ya dace in fara sai Guangzhou, inda na zo sarin takalma. Masaukinmu yana Xiaobei, unguwar da 'yan kasuwar Afirka ke sauka, lambun shaƙatawa na Yuexiu kuma ƙafa ma kai mutum take yi. Jiya gari na wayewa na zura kambas ɗin da aka ba ni samfur, na fita da wandon shaddata tunda ban zo da na motsa jiki ba. Alhajin da muke ɗaki ɗaya ya leƙo daga bargo ya ce, "Wa ya biyo ka?" Ya koma barcinsa.

Ashe lambun a kan tuddai bakwai yake zaune. Kafin in wuce jan benen Zhenhai, wanda aka gina tun 1380, haki ya ci ƙarfina, har wani tsoho mai tafiya da baya da baya ya wuce ni. Da baya fa, yana kallon fuskata. Zuciya ta ɗebe ni, na ƙara mai.

A gaban mutum-mutumin awaki biyar, alamar birnin, na tarar da tsofaffin mata sun yi sahu-sahu suna rawa da jajayen mafitai, kiɗa na tashi a lasifika. Hanyar ta tsakiyarsu ta bi. Na ce yau za su ga gudun Bakano. Na turo ƙirji, na buɗe ƙafa, sai na ji tas a ƙuguna.

Zariya ce.

Wandon da ya sha sitaci ba ya faɗuwa farat ɗaya. Sauka yake cikin natsuwa. Ya tsaya a cinya ya yi shawara, ya ga ba mai hana shi, ya gangara gwiwa. Ƙafafuna kuwa labari bai iso musu ba, gudunsu kawai suke. Taku na gaba ya harɗe ni, na tafi luu da hannuwa a gaba, na zube a gaban wata tsohuwa. Ko surukata ba ta taɓa samun irin wannan gaisuwa ba. Kuma a daidai lokacin waƙar ta ƙare. Da kiɗan ya ci gaba, wallahi da sauƙi. Amma wuri ya yi tsit, ga ni durƙushe, ga gajeren wandona ruwan ɗorawa mai zanen abarba, shi ma samfur. Babu wadda ta yi dariya, abin da ya hana ni barci ke nan. Tsohuwar ta rufe fuska da mafici, sannan a hankali ta sauke shi daidai hanci.

Sai ga tsohon nan ya iso, har yanzu da baya. Ya dube ni, ya dubi wandon da na tattaro na riƙe gam. Ya zaro waya ya yi mata dogon jawabi, yana nuna cikina, yana nuna ƙirjina, har da nuna sama. Ya miƙo mini ita. Ta fassara da Turanci: in yawaita shan ruwan zafi.

Na ce, "Baba, zariya ce ta tsinke." Na nuna masa guntun da ke reto. Ya kama, ya ja, ya juya shi, ya gyaɗa kai irin na wanda ya gano bakin zaren. Ya sake yi wa wayar bayani, wannan karon ya fi na farko tsawo. Ta ce kada in bari ruwan ya huce.

Nan take ya buɗe filas ɗinsa, ya tsiyaya a murfi, ya miƙo mini da hannu biyu. Matan duk sun zuba ido. Ni kuwa gidanmu ba a karɓar abu daga hannun babba da hannu ɗaya.