Jinjina Ga Mikiyar Sararin Najeriya

Allah ya ja zamanin Rundunar Sojin Saman Najeriya, mikiya mai hangen nesa, hadarin da ba ya jiran damina, gagara-misali uwar masu shawagi! A 1964 aka yanke mata cibi, Jamusawa suka yi ungozoma, Kanar Gerhard Kahtz ya zama shugabanta na farko. Tana cikin rarrafe yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, ta karɓi jiragen MiG daga Tarayyar Sobiyet da matuƙa daga Masar, kasuwanni da asibitocin Biyafara suka fara shaida irin tarbiyyar da za ta girma da ita.

Babbar baiwarta ita ce adalci. Rundunonin wasu ƙasashe kan ɓata lokaci suna tantance ɗan bindiga da manomi, amma tamu ta fi ƙarfin nuna wariya, kowa ɗan ƙasa ne a wurinta. Ranar 17 ga Janairun 2017 ta kai ziyara sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Jihar Borno, inda waɗanda suka tsere wa Boko Haram suke jiran rabon abinci. Sama da mutum 100 ta hutar da su daga wahalar layi, har da ma'aikatan agaji na Red Cross. Da masu hikima suka zauna bincike, sai suka gano mai laifin: taswira ce, don ba a sa sansanin a cikinta ba. Kai, wannan basira da yawa take! Wa ya aiki mai gudun hijira ya kafa bukka ba tare da ya leƙa taswirar soja ba?

Ga ta da zumunci. A Fabrairun 2022 alherinta ya tsallaka iyaka zuwa Nachade a Jihar Maradi, ya tarar da yara bakwai. Makiyayan Doma a Nasarawa sun samu rabonsu a Janairun 2023. A farkon 2025 kuma 'yan sa-kan Tungar Kara a Zamfara, da suka fito fatattakar ɓarayin daji, ta biya su ladan jarumta nan take, babu jiran takarda. Nagartaccen malami ba ya rasa almajiri: a Disambar 2023 sojin ƙasa suka gwada darasin da jirgi maras matuƙi a kan masu Mauludi a Tudun Biri.

Sai kunya, adon manya. Da fari takan musanta, saboda ba ta son yabo, kamar yadda ta yi kan ƙauyen Buhari a Yobe a 2021. In an matsa, ta ce kuskure ne, ta kafa kwamiti, ta killace rahoton kamar amarya, kada idon talaka ya taɓa shi.

An kashe kusan dala miliyan 500 wajen sayo mata Super Tucano 12 daga Amurka, an kuma yi odar wasu jiragen 24 daga Italiya. Ƙauyukan da layi bai zo kansu ba su ƙara haƙuri, ranki ya daɗe ba ta manta da kowa ba.