Mutanen Gindin Sanda

Duk inda aka gitta sandar ƙarfe sama da tsayin mutum, ko a gidan motsa jiki mai na'urar sanyaya ɗaki, ko turakun ragar ƙwallo na firamaren unguwa, jama'a iri ɗaya za ka tarar a ƙarƙashinta bayan sallar asuba. Burinsu bai taka kara ya karya ba: mutum ya kama sanda, ya ja jikinsa har haɓarsa ta haye ta, sau ɗaya tak. A kan wannan ɗayan ne halin kowa ke fitowa fili.

Akwai Mai Gaggawa. Tun bai taɓa sandar ba yake tambaya, "Kwana nawa ake yi?" Bikinsa saura mako biyu, ko Sallah ta matso ya ɗinka riga mai kama jiki. Ka ce masa ba a fafe gora ranar tafiya, abin nan makonni yake ci, wani ma watanni, sai ya yi maka kallon mai ɓoye laƙani. Ranar Litinin zai yi ta tsalle yana fizga har hannu ya mutu, ya tafi gida yana murna, don ciwon nama sai bayan kwana ɗaya ko biyu yake sallama. Ranar Laraba ba ya iya ɗaga buta. Sai kuma wata Sallar.

Mai Kaya ya fi shi shiri: safar hannu, garin alli, robar taimako kala uku, gwangwanin furotin da ya fi kuɗin cefanen mako. Ya ma sayi sandar da ake maƙalawa a ƙofar ɗaki, ta sauko da shi da katakon ƙofar gaba ɗaya, mai gidan haya na nan yana jiran kafinta. Robar kuwa har yau tana cikin ledarta.

Mai Wuya ba ya jan jiki, wuya yake miƙawa. Gwiwar hannu ta ɗan lanƙwashe, haɓa ta kalli sama, jijiyoyin maƙoshi su tashi, sai ka ji ya ce "Biyar!" Mai Lilo shi kuma ƙafa yake aiki da ita, ya yi gaba ya yi baya yana harbin iska kamar ragon da aka kayar ranar layya. In ka yi magana ya ce ai haka 'yan CrossFit suke yi a Amurka. Gaskiya ne suna da irin wannan salon, amma masu hankalin cikinsu sai sun iya jan tsaye tukuna suke shiga lilo, don kafaɗar da ba ta yi ƙwari ba ita ke biyan bashin.

Sai Koci, wanda saboda shi na ɗauki alƙalami. Ba wanda ya naɗa shi, ba wanda ke biyansa, kuma bai taɓa fashi ba. Rigar Arsenal, usur a wuya, hannaye a baya. Kana kama sanda zai matso har ka ji ƙamshin man da ya shafa. "Buɗe hannu, ɗan'uwa." Ka buɗe. "A'a, ya yi yawa, matse." Ka matse. "Numfashi! Ba ka numfashi!" Ta ina mutum zai yi numfashi yana reto yana sauraron umarni uku a lokaci guda? Jiya ya ce ka sha ɗanyen ƙwai da fura, yau ya ce fura ce ke kashe ka, gobe zai ce sirrin yana cikin wake da ganda. Tarihinsa kuma yana ƙaruwa da kansa. A watan jiya ashirin yake yi lokacin da yake makarantar kwana. Makon da ya wuce ya zama talatin da biyar a sansanin masu yi wa ƙasa hidima, har wani soja ya sara masa. Labarin David Goggins, tsohon sojan ruwan Amurka da ya ja sanda sau 4,030 cikin awa 17 a shekarar 2013, yana bakinsa kullum, yana ba da shi sai ka rantse ajinsu ɗaya. Ba ya dai kai wa wurin da mutumin ya gwada sau biyu ya kasa kafin na uku ya yiwu.

Ka ce, "Koci, ɗan nuna mana mana," nan take kafaɗa ta tashi. Tsohon ciwo ne, in ji shi, daga hatsarin babur. Na lura ciwon na ƙaura, wata rana dama, wata rana hagu. In kafaɗar ta manta, waya ta yi ƙara. Sau ɗaya aka taɓa ganin hannunsa a kan sandar, kowa ya tsaya cak, wani Alhaji har da cire hula. Koci ya riƙe ta, ya girgiza, ya saki, ya karkaɗe hannu. "Mai waldar nan ya iya aiki," ya ce.

Abin haushin shi ne, a cikin maganganunsa goma ɗaya gaskiya ce. In ya ce da baya ake ja, ba da damtse kaɗai ba, bai yi ƙarya ba: faffaɗan naman nan da ya sauko daga hammata zuwa ƙugu shi ne ke ɗaukar yawancin nauyin, kuma wanda bai koyi danne allon kafaɗa ƙasa kafin ya lanƙwasa hannu ba zai daɗe yana reto. In ya ce ka juyo tafin hannu ya fuskance ka zai fi sauƙi, nan ma haka ne, don ƙwanji ya fi samun damar taimakawa. Sai ka rasa yadda za ka yi da shi. Ba ya koruwa, ba ya biyuwa.

Alhaji kuwa ba mai jin haushinsa. Ya haura kilo ɗari, kuma ya yi imani ƙashinsa ne ke da nauyi. Sanda ba ta san wannan bayani ba, abin da sikeli ya nuna shi take karɓa, shi ya sa mai rage tumbi yake ganin ci gaba ko ƙarfinsa bai ƙaru ba. Alhaji zai yi bisimilla, ya rataya na daƙiƙa goma, ya sauko yana haki yana dariya, sannan ya aika a sayo wa kowa koko da ƙosai. Wasunmu da ke zuwa filin da littafi a aljihu, wai muna nazarin halayen jama'a kafin mu kama sanda, ba mu taɓa makara a wannan sashe na atisaye ba.

Wani lokaci ɗan garuwa zai ajiye kurarsa, ya zo da silifas, ya yi goma sha biyu ba tare da ya san abin na da suna ba, ya koma bakin aikinsa. Fili ya yi tsit. Koci ya ce bai yi daidai ba.

Akwai kuma wanda ba a lura da shi, wani tela mai shiru. Ba ya gwada ja ma sam. Bulo yake takawa ya hau, ya ɗora haɓa a kan sanda, ya sauko a hankali yana ƙirga biyar, ya sake, sau huɗu ko biyar. Ya rataya har tafin hannu ya yi kanta. Ya nemi ƙaramar sanda daidai ƙugu, ya kwanta a ƙarƙashinta ƙafa a ƙasa yana jan ƙirji zuwa gare ta. Kwana uku a mako, sauran ranaku hutu. Ba abin kallo a aikinsa, shi ya sa Koci ma ya ƙyale shi. Ranar da haɓarsa ta haye daga cikakken rataye, bai ce komai ba, Koci ne ya zagaya fili yana cewa yaronsa ne.

Duk waɗannan ina iya zama da su. Wanda ba na iya haƙuri da shi shi ne Mai Waya. Ba wanda ke ɗaukar kansa ba, wannan kansa ya cuta. Ina nufin wanda ke jira sabon zuwa ya kama sanda, mai jiki ko siriri, ya ga yana makyarkyata bai motsa ko taƙi ɗaya ba, sai ya zaro waya a ɓoye. Kafin azahar hoton ya zagaya WhatsApp, da la'asar yana TikTok an sa masa kiɗa da dariya. Na san mutumin da ya yi ta fama da kansa kafin ya iya fitowa filin da gajeren wando, likita ne ya ce ya motsa jiki saboda hawan jini. Zuwansa biyu. Na uku bai zo ba, kuma bai sake zuwa ba. Kasawa a gindin sanda ba abin kunya ba ne. Rundunar Marin ta Amurka ma sai da ta ɗage dokar da ta so ta fara a 2014, ta wajabta wa mata ja uku, bayan an ga fiye da rabin sababbin ɗauka mata ba su iya ba, kuma waɗannan matasa ne da ke tsakiyar horon soja. Kowane ƙato da ka gani yana hawa yana sauka ya taɓa ratayewa ya kasa, sa'arsa dai ba a ɗauke shi ba.

Don haka, Malam Mai Waya, in ka ga mutum yana reto, mayar da ita aljihu. In kana da ƙarfi ka tallafa masa ƙafa, in ba ka da shi ka shiga layi a bayansa.