Majalisar Ƙorafi a Ofisoshin Jimeta

A kusan kowane kamfani daga Jimeta zuwa cikin garin Yola, da zarar motar manaja ta fita ƙofa, majalisar ƙorafi ta zauna.

Shugabanta Malam Zan-Tafi. Takardarsa ta ajiye aiki tana durowa tun kafin a janye tallafin mai a Mayun 2023, kwanan wata kawai yake sauyawa. Yau wani ɗan'uwa ya yi masa hanya a Jami'ar Amurka ta Najeriya, gobe kamfanin sukari na Numan ke nemansa ruwa a jallo. Har yanzu shi ke riƙe da makullin sito.

Sai Sarkin Lissafi, wanda ni shi na fi tausaya wa, don gaskiyarsa ta fi ta kowa. A bayan ambulan yake zana kuɗin Keke Napep daga Jambutu, da na haya, da na ruwan sanyi a zafin Afrilu, ya nuna maka albashin ya ƙare ran goma ga wata. Ya san an sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a Yulin 2024, ya san gwamnatin jiha ta Gwamna Fintiri ta fara biyan nata ma'aikatan. Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, su kuwa a ofis, ya ƙirga har da maigadi, 24 ne cif.

Akwai wanda aka yi wa ƙarin girma: sabon muƙami, sabon hatimi, kujera mai juyawa, albashi na jiya. Shi kaɗai ke ƙorafi cikin babbar riga.

Hajiya ba ta da lokacin surutu. Atamfa da turaren wuta na ƙarƙashin teburinta, rabin ofis bashinta ake ci, ta fi kowa addu'ar alat ya shigo.

Wanda za ka kiyaya shi ne mai zuga. "Wallahi zaluncin ya isa, ku faɗi gaskiya!" Kai ka saki baki, kafin La'asar maganarka ta isa kunnen oga, har da ƙarin gishiri.

Can sai a ji hon a bakin ƙofa. Malam Zan-Tafi ne ke rigan kowa karɓar jaka: "Sannu da dawowa, ranka ya daɗe. A kawo shayi?"